Butar da Tambari Ya Bar Mini

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da hantsin Talata, tara ga Rajab, Allah Ya karɓi ran Tambari Direba a gidansa da ke Shinkafi, bayan jinyar da ya ɓoye mini har ta kayar da shi.

Tambari, tun ina koyarwa a Ƙaura kake ajiye mini kujerar gaba duk Alhamis, ranar kasuwar garinku. Ko mai rawani ya zo, sai ka ce, "Wurin ga na Malam ne." Da na yi ritaya, waɗanda na koya wa karatu suka zama manya, suka daina gane ni. Kai kaɗai ka ci gaba da danna mini oda a ƙofar gida.

A hanyar nan muka tsufa muna gardama kan kalma ɗaya. Na ce maka amini daga Larabci ta fito, dangin amana ce, wato mutumin da ka amince wa. Ka kwashe da dariya har mota ta nemi gona.

"Malam, boko ya ɓata ka. Amini shi ne wanda ka cinye maka goro, ya koma yana zagin motarka."

Na ce ai motar ce ta cancanta, tun da ba ta tashi sai an tura.

"To ranar da nit tahi, kai za ka karɓe ni cikin kabari. Mu ga amanar taka."

Na amsa. Muka tafa.

Labarin ya same ni a tasha. Babu direban da ya yarda ya kama hanyar Shinkafi sai an haɗa ayari da rakiyar jami'ai. Hanyar da muke bi muna cin rake, yau ita ce ba a shiga sai an yi sallama da iyali. Na zauna ina kallon rana tana tafiya, na kuma san gawa ba ta jiran kowa. Ban isa ba sai bayan la'asar. An riga an rufe ka.

Ɗanka Murtala ya kama hannuna zuwa maƙabarta. A gefen kabarin akwai buta cike da ruwa, ƙasar kuma a bushe, ba a yi yayyafin da ake yi bayan rufewa ba.

"Baba, shi ya ce hanya za ta riƙe ka. Ya ce a bar maka wannan, kada ka ce an yi babu kai."

Har a gadon mutuwa kana nema mini mafita. Na yayyafa, Tambari, daga kai har ƙafa, ban bar ko ɗigo ba. Gardamar kuwa na bar maka ita.

Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata makwancinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ga maiɗakinka Hajiya Saliha, da Murtala da ƙannensa, da 'yan tashar Shinkafi, Allah Ya ba ku haƙuri. Ni ma a roƙa mini.