Albasar da Inna ta yanka ranar tafiyata

Ina ɗaure jaka zan tafi ci-rani Abijan, sai ga Inna tana yanka albasa, ko wuta ba a hura ba. Idonta cike da ƙwalla.

"Inna, kuka kike?"

"Wane kuka? Albasa ce. Tafi kada motar Ƙonni ta bar ka."

Na yi dariya na fita.

Sai a hanya na tuna, matar da ta tsufa cikin albasar Galmi, yaushe albasa ta taɓa sa ta hawaye? Ni ne ɗanta na fari, kunya ta hana ta yi mini kuka a fili.

Na ce in na dawo zan tsokane ta. Ban iske ta da rai ba.

Ku da naku ke raye, kuna duban idonsu kuwa?