Hular Yayana a Bayan Gilashi

Mun tashi daga Salaga ranar Talata, da ƙarfe shida saura minti ashirin na safe, mu uku: ni, da matar marigayi yayana, da ɗiyarsu ta fari wadda ke aikin jinya. An faɗa mana cewa motar za ta tashi biyar da kwata. Na nuna wa direban agogona, shi kuwa ya duba shi da sha'awa, ya ce agogon yana da kyau. Ban ƙara yi masa magana ba har muka isa Tamale.

Ya kamata in fara bayyana dalilin tafiyar, domin ba yawon buɗe ido ya fitar da mu ba. Yayana masaƙi ne. Ya yi shekara arba'in da 'yan kai a unguwar Tishigu yana saƙa da ɗinkin batakari, wato babbar rigar saƙar hannu da mazan arewacin ƙasar nan ke sawa. Da saƙar nan ya biya mini kuɗin makarantar mishan har na zama malami, daga baya shugaban makaranta. Bayan rasuwarsa, ɗansa ya ba wani gidan tarihi mai zaman kansa da ke wajen Kanvili rigarsa mafi kyau tare da hularta. Masu gidan suka nemi bayani daga dangi, ni kuwa na rubuta musu shafi uku da hannuna, ban goge ko kalma ɗaya ba. Babu wanda ya je ya gani a cikinmu. Sai bana likita ya shaida wa matar yayan nawa cewa hawan jinin ido ya ci ƙarfin ganinta, abin da ya saura ba zai daɗe ba. Ta aiko mini da saƙo gajere: a kai ta ta ga rigar tun tana iya gani.

Damina ta yi nisa, hanya ta lalace. Inda akwai kwalta ramuka sun cinye ta, inda babu kuwa jan laka ne motar ke iyo a ciki. Sau biyu aka sauke maza domin su tura. Aka dube ni, aka dubi farar rigata da furfurata, aka ce in zauna. A gefen hanya kunyoyin doya sun yi kore shar, mata na tafe da kwanonin ƙwarar kaɗanya a ka. Ɗiyar tana ta faɗa wa mahaifiyarta abin da muke wucewa. Ita dai ta jingina goshi da taga, ta ce tana ganin kore, sauran kuwa sai dai a ba ta labari.

Mun shiga Tamale goma da rabi. Rabona da garin shekara shida, tun jana'izar. Ya cika ya batse. Babura sun fi mutane yawa, mata na tuƙa su da goyo a baya da kaji a gaba, ga kekunan nan masu ƙafa uku da ake kira yelo-yelo suna kutsawa duk inda kansu ya shiga. Muka karya kumallo a makare kusa da tasha, koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa ya ninka, kokon kuma an tsinka shi har ana ganin gindin kofi. Na faɗa wa mai sayarwa haka. Ta ce, "Baba, gero ne ya yi tsada, ruwa bai yi ba." Na biya, muka tashi.

Da yake an ce gidan tarihin ba ya buɗewa sai sha biyu, na tsara mu fara da majema da rumfunan masu sana'ar hannu. Na san majemar zango tun ina saurayi, lokacin da warinta ke tarar mutum tun daga bakin titi, ramuka kuma ba su ƙirguwa. Yanzu tsofaffi huɗu muka tarar, da fatu kaɗan a shanye. Wasu baƙi Turawa biyu na ɗaukar su hoto, ɗaya ya toshe hanci da hankici. A rumfunan kuwa, wata mai shago ta miƙo mini batakari tana rantsuwa saƙar hannu ce. Na juya cikinta, na ga zanen a fuska ɗaya kawai yake, bugun inji ne. Matar yayana ta murza gefen da yatsu biyu, ta mayar wa mai shagon. A filin da ke gaba, makaɗan kalangu na yi wa wata ƙungiyar baƙi kiɗan zuri'ar sarakunan Dagomba. Kiɗan magana ne, kowane bugu da abin da yake faɗa. Baƙin suna tafi a inda bai kamata ba, makaɗan kuma sun yanke shi a tsakiya da aka ce lokacin motar baƙin ya yi.

Daga nan matar yayana ta roƙi mu biya ta Tishigu. Gidan da suka zauna yana nan, amma rumfar da ya kafa masaƙarsa an rushe ta, an dasa shagon ƙarfe inda ake sayar da katin waya. Ta tambayi ko bishiyar darbejiyar tana nan. Ɗiyar ta dube ni. Na ce an sare ta. Ban taɓa yin ƙarya don a ji daɗi ba, shekara talatin da takwas kuma ina hukunta yara a kanta.

Gidan tarihin ɗakuna uku ne a jere. Mai kula da shi wani mutum ne daga kudu, mai kimanin shekara arba'in, mai fara'a, yana jin Hausar kasuwa. Ya karɓi kuɗin shiga, sidi goma-goma, ya ce wuta ta ɗauke tun safe, sai mu yi haƙuri da hasken taga. Ɗakin farko tukwane ne da faya-fayi da tsofaffin bindigogin toka, ƙura ta kwanta a kansu. Na biyu ganguna ne da sirdi, ɗaya gangar fatarta ta tsage an juya tsagar wajen bango. Kwalayen bayani duk da Turanci suke, na ƙirga kurakurai bakwai kafin in daina ƙirgawa.

Rigar tana ɗaki na uku, cikin akwatin gilashi, an sanya wa wani mutum-mutumi marar fuska. Tun daga ƙofa na gane ta: baƙin shuɗi na zaren garin Daboya, da farin ratsi siriri, da aikin wuya da ya ɗauke shi wata biyu. Daga shafi ukun da na rubuta, layi biyu suka ɗauka, ba su ma sa sunansa ba. Wannan na iya haɗiyewa. Abin da ban iya haɗiyewa ba shi ne hular.

Wanda bai zauna cikin Dagomba ba zai ɗauka hula hula ce. A nan yadda mutum ya karya ta magana ce da kowa ke karantawa. Wanda ya kwantar da ita baya yana cewa yana da jama'a a bayansa. Wanda ya kwantar da ita gefe yana cewa ba shi da faɗa da kowa. Wanda ya karyo ta gaba, bisa goshi, yana cewa babu kamarsa a wurin, kuma an sha yin rigima a kan haka. Yayana, a iya sanina, gefe yake kwantar da tasa. Na rubuta wannan a shafi na biyu, na ja layi a ƙarƙashinsa. Ga ta nan a bayan gilashi an karyo ta gaba.

Na kira mai kula da gidan, na tambaye shi wa ya yi wannan.

"Ni ne, Baba. Haka ya fi kyau a hoto, aikin ya fito."

"Ka karanta takardar da dangi suka aiko?"

"Takarda yana ofis. Oga ne ya karanta."

Na ce ya buɗe akwatin a gyara yanzu, aikin daƙiƙa biyar ne. Ya ce makullin yana hannun ogan, ogan kuma ya tafi Ankara, babban birnin ƙasar nan, sai wani mako. Na ɗaga murya, abin da ban saba yi a gaban baƙo ba. Na ce sun ɗauki mutumin da bai taɓa ɗaga wa kowa kai ba sun mai da shi mai girman kai a gaban duniya, alhali ba ya nan balle ya kare kansa. Na ce zan rubuta wasiƙa. Mutumin ya sunkuyar da kai yana ta ba ni haƙuri.

Duk wannan lokacin matar yayana tana tsaye, hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ɗiyar ta kunna mata fitilar waya tana haskawa daga wuya zuwa ƙasa. Ta daɗe tana bin ratsin da ido. Sai ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Masta, saman ba ya fito mini. Ina ka ce hular ta kalla?"

"Gaba, Hajiya. Kuskure ne, zan sa a gyara."

"A bar ta."

Na ɗauka ba ta ji ni ba, na maimaita. Ta ce ta ji, kunnenta lafiya lau yake, ido ne ya tafi. Sannan ta tambaye ni ko na tuna ranar da aka yi bikin naɗa ni shugaban makaranta. Na ce na tuna. Ta ce, to, wannan rigar don ranar ya saƙa ta.

Na tuna ranar sarai, sai dai ban taɓa ɗaukar ta da nauyi ba. Zauren makaranta ya cika, ga fada, wato limamin mishan, ga jami'in ilimi, ga iyayen yara. Dokar da aka koya mana, wadda ni ma na koyar, ita ce namiji ba ya shiga zaure da hula a ka. Yayana ya iso daga Tamale da rigar nan. Na tare shi a bakin ƙofa, a gaban mutane, na ce ya cire hularsa kafin ya shiga. Bai cire ba, bai kuma shiga ba. Ya zauna a ƙarƙashin mangwaro har aka tashi, ya yi mini murna, ya koma. Na ɗauki abin a matsayin taurin kai na wanda bai yi makaranta ba, na yafe masa a zuciyata.

"Gaba ya karyo ta ranar," in ji ta. "Tun daga gida. Na ce masa, mutum, za ka jawo magana. Ya ce yau dai a bar shi, ƙaninsa ya zama hedimasta da zaren hannunsa, wa ke kamarsa? Kai ba ka ma duba inda ta kalla ba, Masta. Hula kawai ka gani. A gindin mangwaron nan ya mayar da ita gefe, bai sake karyo ta gaba ba har ya koma ga Allah."

Ɗiyar ta ce, "Mma, ya isa haka."

"Bai isa ba, shekara nawa ina riƙe da maganar nan? Ba faɗa nake yi ba. Shi ma bai yi faɗa ba, ai shi ya sa ya kwantar da ita gefe." Ta juya wajen da take jin numfashin mai kula da gidan, ta ce, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Kada ka taɓa ta."

Mutumin ya dube ni, yana jiran in ce wani abu. Na duba agogona, abin da nake yi ke nan idan ban san abin yi ba. Ƙarfe ɗaya da minti goma. Na tsaya a gaban gilashin ina neman abin da zan gyara, ban samu ba. Shafi ukun da na rubuta ba gogewa, layin da na ja wa ƙarƙashi shi ne kuskuren da ya fi kowanne girma, kuma wanda ya gyara shi mutum ne da bai karanta ba.

Mun ci tuwon zafi da miyar ayoyo, wato lalo, a wata rumfa kusa da Moshi Zongo. Tuwon yana da kyau, ni dai ban iya cinye nawa ba. Matar yayana ta cinye nata, ta sa aka saya mata wagashi, wato cukun nono, na tsaraba, har tana tsokanata cewa Masta ya bar abinci a kwano, da ɗalibi ne da ya sha bulala. Motar komawa ta tashi uku da rabi. Ruwa ya tare mu a hanya, muka yi awa guda a tsaye muna jiran wani rafi ya janye. Mun shiga Salaga an daɗe da yin sallar isha'i.

Mai niyyar zuwa gidajen tarihin Tamale ya tafi da fitila, ya kuma tafi da tsoho ko tsohuwar da ta san kayan, domin kwalayen bayani ba za su gaya masa komai ba. Ni na tafi da tsohuwar, na kuma ji abin da ban je nema ba. Na yi shekara da shekaru ina faɗa wa mutane cewa yayana mai sanyin hali ne, ina alfahari da haka, ban taɓa tambayar kaina wa ya sanyaya shi ba. Wanda ya kamata in nemi gafararsa yana kwance a maƙabartar Tamale shekara shida.

Ban rubuta wasiƙar ba. Idon matar yayana na dama ya rufe mako uku bayan dawowarmu. Hular tana nan a karye gaba.