Hannu a Tiren Lalla Dawiya

Shekara arba'in da ɗaya ke nan ina tsaye a ramin tanderun unguwarmu, a tsohon garin Maknas, wuta a gabana, ƙafafun mutane a saitin kaina. Sunana Jilali. Mata a gida suke kwaɓa burodi su kawo min a tire in gasa, kuma babu gidan da ban san tirensa ba a layin nan. Ko alama ba sa sakawa, amma ban taɓa ba wata burodin wata ba. Na san gidan da aka yi baƙi, na san gidan da aka kwana da faɗa, don macen da ranta ya ɓaci kwaɓinta ba ya tashi. To duk cikin masu kawo min tire babu wadda ta sha min kai kamar Lalla Dawiya, kuma babu wadda na cuta kamar ita.

Matar nan ba a halicce ta da haƙuri ba. Gajeriya ce, siririya, kafin ka gan ta ka ji ƙarar takalminta a kan dutsen layi. Sauran mata su ajiye tire su tafi sai lokacin ɗauka. Ita kuwa sai ta dawo sau uku, ta leƙo ramin, ta kira ni da sunan mahaifina kamar har yanzu ni yaro ne.

"Ɗan Bushta, ka juya min shi?"

"Na juya, Lalla."

"Ƙarya kake yi. Tun daga ƙofar gidana nake jin ƙauri."

"Gemuna ne ke ƙonewa saboda ke."

"Ya ƙone ƙurmus, dama bai yi maka kyau ba."

Haka muke kullum, ni da ita. Wallahi akwai ranakun da nake ji kamar in jefe ta da garwashi.

Daga wani ƙauye na kan dutsen Zarhun aka kawo ta amarya gidan Si Allal mai ɗinkin takalma. Mutum ne mai son naman rago kamar ransa, har ranar da likita ya ce masa ko ya bar kitse ko ya bar duniya. Nan ta koma kan cinyoyin talotalo. Matan layi suka yi ta dariya, wai naman marasa lafiya. Ba ta tanka wa kowa ba. Ta daka tafarnuwa da citta da kurkum da kamun da jan barkono marar zafi, ta zuba ɗan rasul hanut, garin kayan ƙamshin da ita take haɗawa da kanta, ta murza da man zaitun da tsohon man shanu, ta yanka lemon tsamin da ya yi wata uku a gishiri. Ta tsaga kowace cinya sau uku, ta shafe ta har ta yi jajir, ta shimfiɗa albasa a ƙasa. Ta ce in jira sai burodi ya gama fita, wuta ta kwanta, sannan in tura tiren can ƙurya in manta da shi. Ita ce kuma ba ta bari in manta.

Ranar farko da na zaro tiren nan, mai aski na maƙwabta ya bar kan mutum rabi ya fito yana shanshana iska. Kafin shekara ta zagayo, duk masu dariyar sun fara kawo min talotalo. Suka yi ta roƙonta ta faɗa musu haɗin. Sai ta ce, "Na faɗa muku mana, sai dai ku ari hannuna." Juma'a ta kuskus ce, kowa ya sani, amma Lahadi a layinmu ta zama ta talotalon Dawiya.

Si Allal ya rasu shekara shida da suka wuce. Ɗansu ɗaya, Tuhami, yana aiki a Kasablanka. Ita kaɗai ta rage a gidan, kuma ba ta fasa ba. Duk Lahadi cinya huɗu, ta ci ɗaya, ta raba uku ga maƙwabta, su kuma su yi ta yabo tana cika tana batsewa.

Bayan babbar sallar bara ne abin ya fara. Wata Lahadi ta dire min tire, na ɗaga ƙyallen, sai ga cinyoyi farare fat a kwance, babu yaji, babu mai, ko gishiri ban gani ba.

"Lalla, sabon salo ne wannan?"

Ta leƙa tiren, ta kalle ni. "Me ya same shi?"

Ba wasa take yi ba. Idonta na kan naman, kuma ba ta ga abin da ya ɓace ba. Na ce babu komai, ta tafi tana mita.

Mahaifina da ya miƙa min sandar zaro burodi, magana ɗaya ya ja min kunne a kai: wuta tamu ce, abin da ke cikin tire na masu shi ne, hannun mai tanderu ba ya shiga ciki. Ko ka ga an manta wuƙa a tsakiyar kwaɓi, ka aika a kira mai shi. Ran nan na karya wannan doka. Na ruga wajen mai kayan yaji, na haɗo abin da hancina ya haddace na shekara talatin, na shafe cinyoyin ina waige-waige kamar ɓarawo. Daga nan na ajiye gwangwani a bayan itace, da gishiri, da kwalbar jiƙaƙƙen lemo. Duk Lahadi sai na ɗaga ƙyalle. Wata rana in tarar da shi ja kamar da, in gode wa Allah. Wata rana in tarar da shi fari, in sa hannu. Maƙwabta suka ci gaba da yabo.

Sai dai ba komai nake iya rufewa ba. Ta taɓa zuwa karɓar tiren da ba ta kawo ba, ta zage ni tas a gaban mutane, na shanye na ce laifina ne. Sannan ta bar tukunya a kan gas har ta ƙone baƙi ƙirin, hayaƙi ya cika layi. Wata mai dogon baki ta buga wa Tuhami waya. Ya ce zai zo ranar Lahadi shi da matarsa, wai gaisuwa.

Ranar Talata ta zo ba tire a hannu, ta tsaya a bakin ramin tana murza gefen mayafinta.

"Gaisuwa wai! Zuwa zai yi ya latsa ni kamar tumatir a kasuwa, ya ji ko na ruɓe."

"Haba Lalla, ɗanki ne fa."

"Ni na haife shi, ni na san shi. Ya riga ya gyara min ɗaki a benen nan nasu, hawa biyar, babu wanda zai ce min sannu. Jilali, in aka kai ni can, ka sa a ranka an binne ni." Ta share hanci. "Zan gasa masa abin da zai rufe masa baki. Macen da hankalinta ya gushe ba ta girki irin nawa. Zai ci, ya lashe yatsu, ya koma inda ya fito."

Tun da nake da ita ban taɓa jin ta kira ni Jilali ba sai ran nan, kuma ban ji daɗinsa ba ko kaɗan.

Makon nan babu wanda ya huta. Sau uku aka gan ta wajen mai kayan yaji. Ta mayar wa mahauci cinyoyi sau biyu, wai sun yi rama. Ta wanke gida, ta sake wankewa. Ni ma ciwon ya kama ni: ranar Alhamis na ƙone burodin gidan liman, abin da ban taɓa yi ba, na kuma yi wa matarsa tsawa a kan laifina.

Lahadi ta zo da cinkoso, tire a kan tire har bakin ƙofa. Da hantsi na ji takalminta. Ta shigo tana haki, gumi na bin wuyanta, ta ajiye babban tire rufe da farin ƙyalle.

"Shida ne. Ɗan Bushta, yau in ka ƙona min, kai zan tura cikin wutar."

"Je ki, Lalla, ki bar ni in yi aikina."

Tana juya baya na ɗaga ƙyallen. Innalillahi. Farare tas, fatar a goge sumul, ko ɗigon ja babu. Yau ma? Yau da ake jiran ta a kan mizani? Ban tsaya tunani ba. Na san kafin in ƙirga ɗari za ta dawo. Na fizgo gwangwani, na kwashi yaji na shafa, na barbaɗa gishiri, cikin gaggawa na sake barbaɗawa, na tsiyaya ruwan lemon nan mai gishiri a kai, na cusa tiren can ƙurya. Tana leƙowa ta tarar ina hura hanci kamar ban yi komai ba.

Da na zaro shi da azahar, kai, ko a gidan biki albarka. Fatar ta yi ƙayau, mai na tafasa a gefe, ƙamshi har masallaci. Ta sunkuya a kai, ta ɗan yamutsa fuska.

"Ya yi ja da yawa."

"Itacen zaitun na sa yau."

Ta buɗe baki za ta yi magana, sai wata ta ce ga baƙinta can sun shigo layi. Ta suri tiren ta fice. Ni kuwa na zauna a kan itace ina ta yaba wa kaina.

Bayan la'asar ina kwashe toka sai na ga takalmin birni a bakin ramin. Tuhami ne, ya yi furfura a gefen kai, idonsa jawur.

"Baba Jilali, na zo in gode maka. An ce kana haƙuri da ita."

"Yaya abincin?"

Ya girgiza kai. "Bai ciwu ba. Gishiri kamar an dafa shi da ruwan teku. Matata ta daure ta haɗiye loma ɗaya. Inna ta ɗanɗana da kanta, ta ajiye, ta rantse sau ɗaya ta sa. Sai kuma ta ce ko sau biyu ne. Tun ɗazu take ƙirga yatsunta tana kuka. Jibi zan tafi da ita."

Ban san lokacin da na fito daga ramin ba. Da tokar da komai na bi layi, Tuhami na bina yana kira. Na faɗa gidan ko sallama ban ƙarasa ba. Tana tsaye a tsakar gida kusa da teburin, tiren na nan da cinyoyi biyar da rabi. Na ɗauki ɗaya na ɗaga fatar da yatsa. Ga haɗinta nan kwance a ƙarƙashi, jajir, an cusa shi har ƙashi, an goge saman don fata ta yi ƙayau. Haka take yi in za a yi manyan baƙi, tun zamanin Si Allal. Na sani sarai. Na gani ba sau ɗaya ba. Tsoro ne ya rufe min ido.

Da na yi shiru, da ta tafi tana zaton ita ta lalata girkin da ta yi daidai. Wannan ne ba zan iya ɗauka ba.

"Lalla, ba ke ba ce. Ni ne. Ni na ƙara gishirin, ni na shafa yajin sama. Naki sau ɗaya kika sa, kuma daidai kika sa."

Fuskarta ta washe, ta juya ga ɗanta. "Ka ji ko? Ka ji? Na faɗa maka!" Sannan ta taso min. "Kai kuma ɗan banza, uban wa ya aike ka? Ashe mahaifinka bai koya maka..."

"Baba Jilali," Tuhami ya katse ta, a hankali yake magana, "me zai sa ka sa gishiri a girkin Inna?"

Ni da bakina ke kaiwa ƙarshen layi, na tsaya ina kallon tokar ƙafata. Ƙarya ma ta ƙi zuwa.

"Na ga fari ne," na ce. "Na zaci an manta."

"Me zai sa ka zaci haka?"

Ita ta fara ganewa. Na ga hannunta ya sauka daga ƙugu a hankali.

"Da ma kana da gishiri a ajiye a tanderu," ta ce. "Da yaji."

"Eh, Lalla."

"Tun yaushe?"

"Tun bayan babbar salla."

"Kullum?"

"Ba kullum ba. Wata Lahadin."

"Sau nawa?"

"Na daina lissafi."

Ta daɗe tana kallon tiren. Matar Tuhami ta zame ta shige ɗaki. Na so ta zage ni, wallahi na so ta ɗauki tiren ta kwaɗa min a ka, da ya fi min sauƙi.

"Wata bakwai ana yaba min girkin mutumin da ko ƙwai bai iya dafawa ba," ta ce, ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. Sai ta juya. "Tuhami, hau ka sauko min da babban akwatin nan na kan sif. Ka bi a hankali, hannunsa ya saki."

"Lalla, ki tsaya," na ce. "Yau fa kin yi daidai. Ki duba, babu abin da kika manta, ko ɗaya."

"Na sani, Ɗan Bushta," ta ce. "Yau ɗaya ke nan. Gobe wa zai ɗaga min ƙyalle a kan tukunyar gas?"