Haƙorin Makkan Alhaji Cha'ibu

Duk wanda ya san Alhaji Cha'ibu a Matameye ya san dariyarsa, don ba irin ta mutane ba ce. Ba ya buɗe baki gaba ɗaya. Leɓen sama yake ɗagewa ta gefen hagu kamar bunsuru, don kawai a ga haƙorin zinariyar da ke wurin. Ko gaisuwar mutuwa ya je, sai ya nemi dalilin ɗage leɓen nan.

Ba da zinariya aka haife shi ba. Ɗan manoma ne daga wajen Dawce, ya yi ta zuwa cin rani Kano tun yana saurayi, ya tura kurar ruwa, ya kafa teburin shayi, daga baya ya dawo ya kama dillancin wake a kasuwar Ɗan Barto. Nan Allah ya buɗa masa har ya sauke farali. To ka san al'adar alhazanmu, wasu kafin su baro Makka sukan shiga shago a goge musu haƙori ɗaya a ɗora masa hular zinariya, shaidar an je. Wasu sun sa sun manta. Shi kuwa Cha'ibu, ka tambaye shi Arfa sai ya ce akwai rana. Ka kuskura ka tambaye shi shagon mai haƙori, to ka nemi wurin zama, yau ba ka da sauran aiki.

Yana da 'ya, Najaha. Uwarta Fadima ce ta tsaya kai da fata har yarinyar ta yi lekol, wato boko, ta shiga jami'a, ta fito likitar haƙora. Da ta gama ba ta buɗe wurin kanta ba, sai ta shiga wani horo na shekaru a babban asibiti, ƙarƙashin manyan likitoci, tana cike haƙora, tana cirewa, tana taya su ɗaure muƙamuƙin 'yan kabu-kabun da suka faɗi. Wani uban da ya yi ta godiya. Cha'ibu kuwa in yana fada da abokansa, cewa yake "'yata dakta ce", sai ya haɗiye sauran. A gida ne yake fitar da abin da ke cikinsa.

"Shekara da shekaru ana karatu a kan abin da wanzami ke yi da awartaki ranar kasuwa," in ji shi. "An gama, kuma wai ba a gama ba. Tir!"

Fadima takan ci gaba da tankaɗenta.

Sallar layyar da Najaha ta zo gida, ta lura Baba ba ya tauna da hagu, goro ma sai an goga masa. In ya yi magana kusa da mutum kuwa, sai dai a daure saboda girma. Ta lallaɓa shi ya buɗe baki, ta haska da fitilar wayarta.

Ta ce, "Baba, haƙorin da ke ƙarƙashin zinariyar ya ruɓe. Hular ba ta zauna daidai ba, abinci na shiga ta gefe. Ya wuce gyara, sai dai a cire."

Ya rufe baki gam. Ya ce, "Ke, ki iya bakinki! Abin da aka sa a ƙasa mai tsarki shi ne zai ruɓe?"

Ka ji fa. A wurinsa magana ta ƙare: na Makka ba ya ciwo, saboda haka haƙorin da ke maƙwabtaka da shi ne mai laifi. Najaha na komawa bakin aikinta ya hau mashin sai kasuwar Ɗan Barto, wurin Ɗanjuma wanzami. Ɗanjuma ma, da ba ya ƙin ciniki, ya ƙwanƙwasa haƙorin da aka nuna masa ya ce, "Alhaji, wannan ai lafiyarsa lau." Cha'ibu ya ce, "Bakinka ne ko nawa?" Aka danne kai, aka sa awartaki, aka fizge lafiyayyen haƙori. Ya dawo gida yana tofar da jini yana cewa alhamdu lillahi, an rabu da mugu.

Ciwo bai san an yi ba. Da kasuwa ta zagayo, wai sai mutumin nan ya koma, aka cire na ɗaya gefen. Haba jama'a! Dattijo mai furfura, mai jikoki, ya ba da haƙora biyu da Allah ya yi masa don ya tsare ɗaya da aka yi masa a shago. Zinariya ta tsaya ita kaɗai tsakanin giɓi biyu, shi kuwa har daɗi ya ji, wai yanzu ta fi fitowa.

Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Kumatu ya kumbura ya haura har ya rufe ido, zazzaɓi ya kwantar da shi, ko kunu ba ya wucewa. Fadima ta kira Najaha tana kuka. A shekarar an turo ta Damagaram ta yi wani sashe na horon, sai aka ɗauko shi a mota aka kai mata. Aka ɗauki hoton bakin, aka yi masa allurai, babban likitan da ke koyar da ita ya tsaya a gefe, ita ta yi aikin da hannunta. Ta tsaga, ta fitar da mugunya, ta zare abin da ya rage na haƙorin, baƙi ƙirin. Sai da ta fito ta wanke hannu sannan ta yarda a ranta cewa saura kaɗan ta rasa ubanta.

Da ya ji sauƙi ta zauna bakin gadonsa ta ce, "Baba, in wurin ya warke zan sa maka farare guda uku, ba wanda zai gane."

Ya ce, "Farare? To wa zai san na je?"

Ta ce, "Wanda ka je dominSa ai Ya sani, Baba."

Ya juya mata ƙeya. Da ya dawo Matameye, abokan fada suka zo sannu, suna sa wa yarinyar albarka. Ya yi magana ta bayan rawani, ya ce, "Wace albarka? Ba ta gama karatu ba, koyo ta yi da bakina." Maganar ta isa kunnen Najaha, ta yi mata zafi ƙwarai, ta yi kuka, amma ba ta fasa aiko masa da magani ba.

Wata biyu bai yi dariya ba, gari ya huta. Sannan ya ce zai leƙa Kano kan maganar wake. Ya dawo yana ɗage leɓe ta dama. Ashe wani lungu ya shiga, aka goge masa wani lafiyayyen aka ɗora sabuwar hula. Haƙorin Makka ɗan Kano ke nan, kuma kowa ya sani, amma ba mai tanka masa.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko, Fadima ta miƙa masa ruwan randa. Ya kurɓa, ya runtse ido, ya dafe kumatun dama. Ta tsaya tana kallonsa da moɗa a hannu.

Ya ce, "Kada ki gaya wa Najaha."