Malam Sahabi da Duwatsun Kufai

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina Tambuwal aka bugo mini waya: Malam Sahabi ya rasu.

Shi ya koya mana labarin ƙasa a firamare, a ƙauyenmu na ƙasar Kebbe. Ba ya yarda da zaman aji. Sai ya tasa mu gaba mu hau tudun bayan gari, inda kufan tsohon garinmu yake, mu dawo ƙafa duk ƙaya, iyaye suna ta faɗa. Amma a hanya shi ke cire mana ƙayar, shi ke saya mana rake.

In ya ɗauke ka a babur kuwa, ka shiga uku. Kowane rafi sai ya tsaya ya faɗa maka sunansa da wanda ya fara noma a bakinsa. Ka je kasuwa ta watse.

Abu ɗaya ya hana shi sakat: duwatsun ganuwar kufan nan. Kakanninmu suka jera su da hannu lokacin yaƙe-yaƙe, mu kuma duk mai gini sai ya tura amalanke a kwaso masa. Malam ya yi magana har ya gaji, ana ce masa mai gadin dutse.

Ganinmu na ƙarshe da sallar layya ne. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, wagga ganuwa saura kusurwa guda. In ta tahi, mi za ku gwada ma ɗiyanku?"

Yau bayan mun rufe shi, wani ya ce a kewaye kabarin da dutse kada ruwa ya zaizaye. Kafin mu watse sai ga amalanken shanu cike da duwatsu.

Na tambayi mai shanun, "Ina kuka samo?"

Ya ce, "Kufai mana. Can an ka hi kusa."

Wallahi raina ya ɓaci. Haba jama'a! Har a kan kabarinsa?

Ni da sauran ɗalibansa muka juya amalanken, muka hau tudun, muka mayar da su. Ba mu iya jerin yadda yake ba, mun dai yi iya yinmu. Kabarin kuma da itace muka tare shi.

Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka makwancinsa, ya ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a. 'Yan garinmu kuma, bayan addu'ar, ku bar masa kusurwar nan.