Kujerar Yaya Mai Aski

Yayanmu mai aski ne, kuma tun da na buɗi ido a karkace na san shi. Kafaɗar hagu a ƙasa, ta dama a sama, kamar wanda ya ɗauko bokitin ruwa da hannu ɗaya. Mu duk mun ɗauka tsayuwar gwanaye ce. Ashe bayansa ne ke cin sa, shi kuwa da shegen taurin kai bai taɓa faɗa wa ko matarsa ba.

Ranar da ya sunkuya ɗaukar tsinken kilifa ya kasa miƙewa, ranar asiri ya tonu. Aka yi hoto a asibiti, aka ce faifan da ke tsakanin ƙasusuwan bayansa ne ya goce ya danne jijiya, shi ya sa yake kauce wa zafin ta gefe. Babbar 'yarsa ta ce a rufe shago kawai, ya huta. Yaya ya ce sai dai a rufe da shi a ciki.

Ni na riƙa kai shi wurin likitan da ke gyaran baya da hannu. Ya kwantar da shi a wani siririn gado, ya danna nan, ya ja can, Yaya na salati yana hararata kamar ni na aiko shi. Aka koya masa motsa jiki, aka kuma kafa masa sharaɗi: in yana son komawa aiki, to a miƙe zai tsaya, ba sauran karkacewa.

Da sauƙi ya samu, muka je buɗe shago. Ya tsaya a ƙofa sambal, sai na ga fuskarsa ta canza. Madubi a karkace, agogon bango a karkace, har katakon da yake jera almakashi. Duk shi ya kafa su da idonsa na da. Sannan ya juyo ya ƙura wa goshina ido. Wallahi tausayinsa ya kama ni, don na san abin da ya gani: layin askina ya gangara gefe guda, haka na kowane namiji a unguwarmu. Ni da matata ta daɗe tana cewa kaina ne aka haifa a gicciye!

Yaya ya zauna jagwab. Ya ce ya cuci jama'a, 'yarsa ta yi gaskiya, a kawo kwaɗo a rufe shagon.

Da ƙyar na lallashe shi ya yi wa mutum ɗaya, wani tsohon direba da ya fi kowa daɗewa a kujerar. Ya fitar masa da layi miƙaƙƙe tsaf. Washegari sai ga tsohon da hula har gira, yana huci. Wai jikokinsa sun yi ta dariya, matarsa kuma ta tambaye shi wane baƙon hannu ya kai wa kansa. Nasa layin na da yake so, in ba haka ba ya canza shago.

To fa. In Yaya ya karkace, baya ya tashi; in ya miƙe, masu zuwa aski su gudu. 'Yarsa na tsaye da kwaɗon a hannu.

Yaya ya tsaya yana kallon kujera. Can ya fita, ya dawo da guntun katako, ya cusa a ƙarƙashin ƙafafunta na gefe guda. Tsohon ya hau, ya tafi luu kamar zai zube, ya damƙe hannun kujera yana tambayar wannan wane irin wulaƙanci ne.

"Zauna, Baba," in ji Yaya, yana kunna kilifa. "Shekara da shekaru ni ke karkacewa dominku. Yanzu ku karkace domina."

'Yarsa ta jefa kwaɗon a jaka. Ni ne na biyu a layi, na hau na riƙe da kyau.