Ɗan Mutumin da Na Sa Yana Gudu

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har shekarar da aka haife ni sai an tuna mini, amma ranar da na yaye tsohon zanen matata daga kan wani allo a gaban 'yan majalisarmu, wannan kam ba za ta fita daga kaina ba sai ranar da aka rufe ni da ƙasa. A shekarun tashin hankali ne, lokacin da jiragen yaƙi ke ratsa saman Gombe suna yin gabas, mutanen gabas kuma suna shigowa garin da ƙullin kaya a ka.

Ni maƙerin gwangwani ne a unguwar Bagadaza. Mazurari, murhu, abin kwashe shara, duk abin da za a yanka a naɗe a liƙe da darma, aikina ne. Boko kuwa aji uku na yi, na ukun ma sau biyu, don haka wanda ya ga rubutun nan ya karkace ya yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da almakashi.

Sai dai ina da wata cuta tun ina ƙarami, cutar jirgi. Da karan dawa na fara yin su, na girma na bari. Da jiragen nan suka fara wucewa sai cutar ta tashi. Mutane in sun ji ƙara sai su yi salati su shige ɗaki, ni kuma in fito tsakiyar titi in ɗaga kai kamar kaza tana shan ruwa, ina duban yadda fukafukan suka kwanta. In koma rumfa in yanka gwangwanin madara, in liƙe, in shafa fenti ruwan toka. Daga baya na ga jirgi ba ya kyau shi kaɗai, sai da ƙasa a ƙarƙashinsa. Sai na riƙa samun faffaɗan katako, in kwaɓa laka da garin katako da gam in shimfiɗa, in yi bishiyoyi da soso, zana da tsintsiya, rijiya da murfin kwalba, sannan in rataye jirgin a sama da waya. Ma'aunina ɗaya ne, tsinken ashana. Tsinke ɗaya tsawon mutum ne. Ɗaki tsinke biyu, babbar bishiya biyar, jirgi takwas, don na taɓa ganin hoton wani da matuƙinsa tsaye a gefe, na auna. Matata takan tsaya a bakin rumfa ta ce, "Malam, sa'o'inka suna aurar da jikoki, kai kana gina wa ƙudaje gari."

A cikin waɗanda suka shigo akwai wani dattijo Babarbare, dogo, da tsagarsa a fuska. Shi da matarsa da surukarsu suka kama ɗaki a gidan da ke jikin rumfata. Kullum sai ya fito ya zauna a kan bencina, ya yi sallama, daga nan ba za ka ƙara jin bakinsa ba har a kira azahar. Ni kuwa Bafulatani ne, na suna dai, don ko akuya ba ni da ita. Kowa ya san wasan da ke tsakaninmu da Barebari: in na zage shi ba laifi, in ya zage ni ba riƙo, kowa yana kiran ɗan'uwansa bawa. To ga Babarbare Allah ya kawo mini har kan benci, ina zan iya yin shiru?

"Bawana, ka zo gaida ubangidanka?" Haka nake tarbarsa kowace safiya. Ba ya tankawa. Na yi sati uku ina yi, kamar ina magana da turmi. Ran nan ina cikin yankan gwangwani, ba tare da ya dube ni ba, sai ya ce, "Bafulatanin da ya rasa saniya ya koma tatsar gwangwani." Na yi dariya har almakashi ya faɗi. Da yamma matarsa ta aiko wa tawa da saƙo, wai tun da suka baro gida ba ta ji muryarsa ba sai a salla, don Allah kada in fasa zaginsa. Ban taɓa samun aikin lada mai sauƙi kamar wannan ba. Daga ranar muka ɓalle. Ya fara cin abinci sosai, ya fara zama majalisar da muke yi a inuwar rumfata bayan la'asar. Wasan nan shi ne abin da ya riƙe shi, kuma na sani, don an gaya mini.

Wata rana ya daɗe yana kallon allunana, sai ya ce in gina masa ƙauyensu. Ya ɗauki tsinke ya zana a ƙasa. Masallaci nan, rijiya can, hanya ta fita ta yamma, ga gidansu, ga tsamiya a ƙofar gidan. Muka yi kusan sati uku muna aikin. Ban taɓa samun mai sa aiki mai tsanani kamarsa ba. Sau uku yana sa ni in tuge tsamiyar nan in sake dasawa, wai inuwarta ba ta nan take faɗawa da hantsi ba. Da aikin ya kusa ƙarewa ya ce, "Abu ɗaya, kada ka sa mutane."

Na ce, "Don me?"

Ya ce, "Bafulatani bai iya mutane ba, shanu ya sani."

A nan na yi kuskuren. Mu da muka saba komai a cikin wasa muke faɗa, sai na ɗauki maganar duka wasa ce. Ban lura rabin farko ya faɗe shi da wata murya ba, rabi na biyu kuma ya ɗora ne kawai don in daina tambaya.

Ranar da zan gama, ya tafi unguwar Manawashi duba wasu 'yan garinsu. Ina zaune ni da allo, sai Shaiɗan ya zo ya zauna a wurin da Babarbaren ke zama. Na samu ɗan icce mai laushi na sassaƙa mutum, tsinke ɗaya daidai, ƙafa ɗaya a gaba ɗaya a baya, riga tana tashi. Na ɗauki allura na ja masa tsaga. Shi da bakinsa ya taɓa gaya mini ba hula ya iso Gombe, har muka yi dariya, don haka na yi 'yar hula na liƙa ta a ƙasa bayansa. Na dasa shi a kan hanyar yamma, ya ɗan wuce tsamiya. Na rataye jirgin da ya fi kowane kyau a sama. Matata ta kawo mini abinci ta gani, ta ce, "Malam, ba cewa ya yi kada ka sa ba?" Na ce, "Ke ba ki san wasan maza ba, ara mini zane in rufe."

Bayan la'asar majalisa ta cika, shi ma ya dawo. Na yi gyaran murya kamar mai buɗe sabuwar kasuwa, na yaye zanen. Aka yi ta masha Allah, ana nuna rijiya, ana taɓa jirgi. Can sai wani tela ya sunkuya ya ce, "Kai, wannan ba mutumin naka ba ne?" Wurin ya fashe da dariya. Ni kuma don in ƙara gishiri na ce, "Ku duba da kyau, ko jirgin bai kamo shi ba!"

Na tsaya ina jiran ramuwa, har na fara shirya amsar da zan mayar. Ya matso ya durƙusa. Ba ɗan mutumin ya kalla ba, gindin tsamiyar ya ƙura wa ido, inda babu komai sai laka. Ya daɗe. Dariyar ta riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya miƙe ya kaɗe gwiwarsa ya ce, "Ya yi kyau. Allah ya saka da alheri, Malam."

Malam. Tun da muka fara wasa bai taɓa kirana Malam ba. Da ya kwaɗa mini mari da ya fi mini sauƙi.

Washegari bai fito ba. Matata ta shiga wurin matarsa ta dawo ta tsaya a kaina, ba ta ko zauna ba. Ashe yana da wa, wanda ƙafafunsa suka shanye, kullum a gindin tsamiyar nan ake zaunar da shi. Da safiyar da aka shigo musu, ya je zai ɗauke shi, wan ya ƙi, ya ce in ya goya shi duk za a kama su, gara ya kwashi matan ya tafi. Ya tsaya yana gardama, wan ya ɗaga sandarsa ya buge shi da ita, a nan hular ta faɗi. Ya tafi. Ba su sake jin labarin wan ba. Wato ni, da tsinken ashanata da allurata, na sassaƙa wa mutum mafi munin safiyar rayuwarsa, na tara jama'a suka yi mata dariya.

Kwana biyar benci ba kowa. Matarsa ta ce ya koma yadda ya zo, abinci ma sai an yi da gaske. Na sa riga mai kyau na shiga ba shi haƙuri, kuma wannan shi ne kuskure na biyu. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo ruwa, ya ce, "Ba komai, Malam, wallahi ba komai." Har ƙofa ya rako ni. A hanya na tuna, tsakanin abokan wasa ba a ba da haƙuri. Ranar da ɗaya ya ce wa ɗaya yi haƙuri, ya shaida ke nan cewa wasan ya mutu, an koma mutunci. Na je gyara, na ƙara tona rami.

Na dawo na ɗauki filaya zan cire ɗan mutumin. Matata ta ce, "Ka sa ba da izininsa ba, yanzu kuma za ka cire ba da izininsa ba?" Shekara talatin da wani abu muna tare, ranar na fara zargin ta fi ni hankali. Na ɗauki allon duka na kai ƙofar ɗakinsa, na ajiye filayar a kai, na ce daga waje, "Ga garinka nan. Cire abin da ka ga dama." Ban ce Malam ba, ban ce bawana ba, na juyo.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, ina liƙa gindin wani bokiti, sai ga shi da allon a hannu, jirgin kuma a aljihun riga. Ya ciro shi ya ajiye a kan teburina. Ya ce, "Ranar babu jirgi. Na duba sama, wayam take." Ya zauna a wurinsa. Ɗan mutumin yana nan yana gudunsa, bai taɓa shi ba.

Ya ce, "Yi mini wani. A zaune, da sanda a gefensa."

Na ɗauko icce, na karya tsinken ashana biyu, na ce, "A zaune rabin tsinke ne."

Ya ce, "Ƙara kaɗan. Ya fi ni tsawo."

Na ƙara. Ina sassaƙa yana gyara mini, kafaɗa ta fi haka faɗi, kan yakan ɗan karkata hagu, gemun bai kai haka ba. Ban taɓa yin aiki a hankali kamar ranar ba, kuma ban taɓa yin shiru mai tsawo haka ba, har telan ya leƙo ya ga ko lafiya. Da na gama ya karɓa, ya shafa gam da yatsarsa, ya zaunar da shi a gindin tsamiya, daidai inda inuwa ke faɗawa. Sai a lokacin na gane dalilin tuge bishiyar nan har sau uku.

Na nuna mai gudun na ce, "Wannan fa?"

Ya ce, "Bar shi. Haka aka yi."

Ya ƙara kallonsa, ya karkata kai, ya ja tsaki. "Amma ƙafafun nan na Bafulatani ne, kamar tsinken tsire. In za ka ba ni gudu, ka ba ni da ƙafar mutane, bawana."

Idona ya kawo ruwa. Na ce hayaƙin darma ne, ya ce ai wutar ta mutu tun ɗazu.

Allon yana ɗakinsa har suka bar unguwar bayan wasu shekaru, ya tafi da shi a kan cinyarsa a cikin mota. Jirgin yana nan rataye a rumfata, ba ƙasa a ƙarƙashinsa, ya yi tsatsa. Ban daina tsokana ba, ƙarya zan yi in na ce na daina, jiya ma na sa wani Babarbare mai sayar da turare ya bi ni da takalmi. Abin da na koya dai shi ne, izinin wasa ba izinin taɓa ko'ina ba ne. In wanda kuke dariya tare ya ce maka kada ka yi abu, ko da ya naɗe maganar a cikin zagi, dubi fuskarsa tukuna kafin ka yi dariya. Ni na auna ɗaki da bishiya da jirgi daidai, mutumin da ke zaune kusa da ni ne ban auna ba.